Birkin Keken Bilya

Zariya, Litinin, 1 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Rahamatu da Yaya Habibullah da duk ma'aikatan rumfa. Ya ƙafar nan taka? Na iso lafiya. Mama tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran zumar da ka yi mata alkawari tun kuna zuwa gonar kakanku tare.

Takarda na rubuto kamar yadda ka ce, tunda wayarka in ba a buɗe lasifika ba ba ka ji, in kuma an buɗe duk layin masu gyaran keke na Gumel sai sun sa baki a hirar. Zan riƙa ba direban Kano, shi ya miƙa wa Sabi'u direba ya kawo maka.

Albishirinka! Malamaina sun amince da wasan nan a matsayin aikina na kammala karatu. Mun sa masa suna Taka Ka Ji. Bari in maimaita maka yadda yake, don ranar da na fara bayani cewa ka yi kanka ya ɗau zafi. Mutum zai hau keke, da waya ɗaure a gabansa, da abin ji a kunne. Wata murya za ta ce masa, "Je ka wurin da ka taɓa jin tsoro," ko "Je ka wurin da ka bar wata magana ba ka faɗa ba." Sai ya taka ya je, ya tsaya, ya faɗi abin da ke ransa, wayar ta ajiye muryarsa a daidai wurin. Duk wanda ya zo daga baya ya tsaya da kekensa a nan, sai muryar ta buɗe masa. Ba suna, ba hoto. Wanda ya fi tsinto muryoyi kafin la'asar shi ya ci. Ba mu da dandamali, hanya ce dandamalinmu, masu keken kuma su ne 'yan wasa su ne 'yan kallo.

Ranar Alhamis 2 ga Oktoba za mu fara, daga Gumel zuwa Maigatari, ranar kasuwa. Juma'a bayan masallaci Gagarawa, Asabar Sule Tankarkar. Keke ashirin nake so daga rumfarka, Yaya Habibullah kuma ya ja gaba tunda babu hanyar da bai sani ba.

Ka tuna kai ka fara gwada mini? Ka ce za ka zagaya bayan kasuwa ka dawo, ba mu ƙara ganinka ba sai bayan azahar. Ban san inda ka je ba, ban san me ka faɗa ba, don dokar wasan ita ce ko ni ba na sauraro sai na taka na je wurin. Amma ka dawo idanunka jajawur ka ce rana ce.

'Yarka,
Tayyiba

Gumel, Litinin, 8 ga Satumba

'Yata Tayyiba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, gero ya kusa yanka. Ki ce wa Safinatu zuma tana nan tafe, ta daina tona mini asiri a gaban 'ya'ya.

Kekuna za ki samu. Habibullah ya riga ya kwance guda takwas ya baza a ƙasa kamar mai shanyar kuɓewa. Murna yake, sai ka ce shi za a ba takardar shaidar.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da kika ɗaura mini wayarki, ni na ɗauka gwaji ne irin na sabuwar taya, a hura a ga ko tana yoyo, a sace iskar. Ban gane ajiyewa take yi har wani ya zo ya ji ba. Muryar nan ta yi mini wata tambaya, ni kuma tsufa ya sa na biye mata, na yi maganar da bai kamata ta shiga kunnen kowa ba, balle kunnen Habibullah. Ina so ki cire ta.

Kin ce ba suna ba hoto. A Zariya wataƙila mutum ya ji murya bai san mai ita ba. A nan in na yi tari a bayan katanga, mai shayin bakin tasha zai ce Allah ya ba Ilu lafiya. Shekara arba'in ina hulɗa da mutanen ƙasar nan, daga Maigatari har Sule Tankarkar. Wa zai ji ni ya ce baƙo ne?

Ban hana ki wasanki ba, kuma ba tsoron iskokai nake ba kamar yadda za ki ce. Tawa kaɗai nake roƙo a cire. Ki ba ni amsa da motar Sabi'u ta gaba.

Kawunki,
Ilu

Zariya, Litinin, 15 ga Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ni ma lafiya, sai ɗan mura.

Na karanta takardarka na yi ta dariya ni kaɗai. Ai na gane! Faɗan rashin auren Yaya Habibullah ka je ka yi wa wayata, ko? Wanda kake yi masa kullum da safe a gaban kowa, shi ne yanzu ya zama sirri? Kawu, duk wanda ya gwada wasan nan haka yake yi, washegari kunya ta kama shi ya ce a goge. In na biye wa kowa, ranar Alhamis iska kawai mutane za su saurara.

Zayyad, abokin karatuna da ke kula da kwamfutar da muryoyin ke ciki, ya duba mini taswira. Shi ma bai saurara ba. Ya ce taka ce ta fi kowacce tsawo, minti goma sha ɗaya, kuma can ka ajiye ta a gefen kwalta kafin Gagarawa Tasha, wurin da babu rumfa babu rijiya. Muryar ba ta buɗewa sai mutum ya sauka daga keke ya tsaya cik na ɗan lokaci. Wa zai tsaya a wannan dajin? Kai ka fi kowa iya ɓuya a wasan nan, da akwai kyauta da kai za a ba.

Ka bar mini ita don Allah. Ina so in ce muryar farko da aka ajiye a ƙasar Gumel ta kawuna ce.

Mako mai zuwa zan aiko da wayoyin guda ashirin a kwali, Yaya Habibullah ya fara ɗaɗɗaura su.

Taka,
Tayyiba

Gumel, Alhamis, 18 ga Satumba

Tayyiba,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Allah ya yaye miki murar.

Na so ki ɗauke mini nauyin nan ba tare da na buɗe baki ba, kin ƙi. To ki zauna ki karanta, in kin gama ki ƙone takardar.

Shekara ashirin da shida ke nan. Bilya, mahaifin Habibullah, abokina ne tun muna kiwon awaki. Wata Talata ya kawo mini kekensa, birkin baya ya saki, na gaba kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Notin da ke riƙe da sandar birkin ne ya cinye, ba ni da irinsa a rumfa. Ana kiran salla, ga mutum uku suna jira, sai na lanƙwasa ƙusa na zura a wurin, na ce a raina in ya dawo gobe na sa masa na kirki. Ya ce, "Ilu, ya kama?" Na ce, "Ya kama, je ka abinka." Ya ɗora buhun wake a baya ya nufi Gagarawa Tasha.

Akwai gangaren wata jigawa da ke sauka kan kwalta, da tsamiya a gefe. Nan motar itace ta same shi. Da na isa, kafin a ɗauke keken, na durƙusa na duba. Ƙusar ba ta nan.

Direban motar aka ɗora wa laifi, ya sha duka har ya rasa haƙora. Ina tsaye ina kallo, ban ce uffan ba. Bayan shekara biyu na auri Rahamatu, na ɗauki Habibullah yana ɗan shekara huɗu, gari ya yi ta yabona wai na riƙe amanar aboki. Har yau in aka yi wannan yabon a gabana sai in tashi in bar wurin. Rahamatu ba ta sani ba. Babu wanda ya sani sai Allah, sai kuma wayarki.

Muryar nan cewa ta yi in je wurin da na bar magana ban faɗa ba. Ƙafafuna ne suka kai ni, ban yi shawara da su ba. Na tsaya a gindin tsamiyar na gaya wa Bilya komai, na kira sunansa, na kira na matarsa da na ɗansa.

Kin ce wa zai tsaya a wannan dajin. Habibullah bai taɓa wuce tsamiyar nan bai sauka ba. Ko a mota yake sai ya roƙi direba ya tsaya, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ya yi wa ubansa addu'a. Ni na koya masa haka tun yana zama a kan kariyar bayan kekena. A duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ke tsayawa a wurin, kuma shi kika naɗa ya ja gaba.

Ba ni da wani ɗa sai shi, kin sani. Ina jin tsoro, Tayyiba, tsoron da ban ji ba ko ranar da abin ya faru. Ki goge.

Ilu

Gumel, Alhamis, 25 ga Satumba

Tayyiba,

Salamu alaikum. Lafiya dai? Mako guda ke nan ban ji daga gare ki ba. In ƙyamata kike yi saboda abin da kika karanta, ban ga laifinki ba, amma ki fara gogewa tukuna, sannan ki ƙyamace ni a tsanake.

Kwalinki ya iso shekaranjiya, ba takarda a ciki. Habibullah ya jera wayoyin a kan benci ya jona su da wuta, ashirin cif, kowacce da ɗan koren haske tana ƙiftawa. Ina aiki ina jin kamar kallona suke. Jiya na ɗaure taya a juye, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Habibullah ya ce ranar Laraba zai ɗauki guda ya bi hanyar Gagarawa shi kaɗai, ya tabbata komai na aiki kafin ki zo. Na ce ya bari a tafi tare. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ka ce ba a ba mutum keke sai an gwada."

Na ɗaga guduma a kan kwalin nan sau ɗaya da ba kowa a rumfa. Na tuna karatunki ne a ciki, na ajiye.

Ilu

Zariya, Asabar, 27 ga Satumba

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Takardunka biyu tare suka iso yau da safe. Motar Sabi'u ce ta lalace a hanya, ta farkon ta yi kwana takwas a aljihun motar a wurin makanike.

Na karanta na yi kuka. Ka yafe mini dariyar da na yi maka, wallahi ban sani ba. Ban ƙyamace ka ba, kuma ba ni ce zan yi maka hukunci ba.

Na je ɗakin kwamfuta da kaina. Zayyad ba ya nan, ya tafi gida ɗaurin aure, amma na san lambar shiga. Na nemo muryarka a taswira, ban saurara ba, na goge ta, na sake dubawa har sau uku. Gefen kwaltar nan yanzu babu komai. Takardar kuma na ƙone ta a murhu.

Ka kwantar da hankalinka, ka ci abinci. Ranar Laraba ina tafe da motar rana. Akwai maganar da nake so mu yi ni da kai in wasa ya wuce, amma ba ta takarda ba ce.

'Yarka,
Tayyiba

Zariya, Litinin, 29 ga Satumba

Kawu,

Salam. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yi.

Zayyad ya dawo yanzu. Da na gaya masa na goge murya ɗaya, sai ya ce ai a kwamfuta kawai na goge. Saboda sabis ba ya kamawa a tsakanin ƙauyukan nan, tun kafin a rufe kwalin ya zuba duk muryoyin a cikin kowace waya, don su yi aiki ko babu sabis. Taka tana cikin duka ashirin ɗin, kuma ba ta fita sai an riƙe wayar a hannu an cire.

Na kira ka sau huɗu. Sau biyu ba a ɗauka ba, sau biyu Yaya Habibullah ne ya ɗauka yana tsokanata. Na ce masa kada ya fita gwaji sai na zo, ya ce ni da Baba bakinmu ɗaya, ba mu yarda da shi ba. Na rasa dalilin da zan ba shi.

Kada ka bari ya fita da ko guda ranar Laraba. Ka kulle kwalin, ka ce ni na ce, ka aike shi Kano, ka yi duk abin da za ka yi. Na ba wani mai zuwa Maigatari takardar nan hannu da hannu, ya ce gobe zai sauke maka.

Tayyiba

Gumel, Laraba, 1 ga Oktoba

'Yata Tayyiba,

Salamu alaikum. Sannu da hanya. Na bar wa Sabi'u wannan a tasha ya ba ki da kin sauka. Jikinmu lafiya.

Takardarki ta cewa kin goge ta same ni ranar Litinin. Na yi sujada a rumfa, na ci tuwo malmala biyu, har Rahamatu ta ce me aka yi mini albishir da shi. Habibullah kuma ya ce ranar Laraba akwai suna a gidan abokinsa, don haka Talata zai yi gwajin. Ban hana ba. Ni da hannuna na ɗaura masa wayar jiya da safe, na hura masa taya, na ce Allah ya kiyaye hanya. Takardarki ta biyu ta iso da hantsi, ya riga ya yi nisa.

Ya dawo gab da la'asar, yana tura keken, bai hau ba. Ya jingine shi, ya cire abin kunnen, ya naɗe igiyar a hankali ya ajiye a kan benci. Na ce masa sannu da hanya. Ya ɗauki sifana ya bi kekunan nan ashirin ɗaya bayan ɗaya, yana kwance kowane notin birki da na ɗaura, ya duba, ya mayar. Ma'aikata suka tsaya suna kallo. Ba a taɓa bin bayan aikina a rumfar nan ba.

Da ya gama ya sallame su, ya zo ya tsaya a gabana. Ya ce, "Malam Ilu."

Tayyiba, shekara ashirin da huɗu yana ce mini Baba.

Ya ce, "Sau uku na saurara. Da fari na ce wani ne ke kwaikwayon muryarka. Shekara nawa kana tsayar da ni a gindin bishiyar nan in ɗaga hannu, kana gefena kana cewa amin?" Ya ce, "Ƙusa kowa na iya sawa. Da ka gaya mini da bakinka, ko ina ɗan shekara goma, da a jikinka zan yi kukan. Inna ta sani?" Na ce a'a.

Ya ɗauki kwalin wayoyin ya ɗora a kafaɗa. Ya ce su zauna a wurinsa, ba mai taɓa su, ko ke, sai in ya raba wa masu keke lokacin wasa. Ya ce ranar Juma'a zai ja mutum goma sha tara zuwa Gagarawa, kuma zai sauka a tsamiya kamar yadda ya saba, duk wanda ya ga dama ya sauka tare da shi. In uwarsa ta ji daga bakina kafin nan, shi da kansa zai ba ki wayoyin ki cire. In ba ta ji ba, ta ji a bakin matan unguwa. Bai ci abincin gida ba jiya, bai zo rumfa ba yau.

Kada ki je ki roƙe shi, kuma kada ki ɗora wa kanki. Na so in ce wasanki ne ya jawo, na juya maganar ta kowane gefe, ta ƙi zama. Ki yi wasanki gobe, kekunan lafiyarsu ƙalau, an duba su sau biyu.

Ki sauka gidan Ummulkhair ƙanwata, kada ki zo gidana yau. In kin ji an ce Rahamatu ta tafi wurin wanta a Sule Tankarkar, kada ki tambayi kowa dalili.

Yanzu ta aiko a ce mini ta yi dambu da zogale, wai ta ga cin abincina ya dawo, kada in bari ya huce. Na rufe rumfa. Zan tafi da ƙafa.

Kawunki,
Ilu mai gyaran keke